Zangon da Ubaldo Ya Kulle

Ƙarfe biyun dare a Montevideo,
ɗakin ƙasa na hukumar tashar jiragen ruwa,
ni da fankoki arba'in masu huci.
An ce in kwashe ajiyar tsohuwar sabar
in zuba a sabon rumbu kafin a buɗe ofis.

Kowane dare injin yana kafa zango.
Ya tattara abin da muka rubuta da rana,
lambobin kwantena, albashin masu lodi,
ya ɗaure, ya sa kwanan wata:
nan za ku dawo in gobe ta ɓaci.
Talatin muke riƙewa.
Na talatin da ɗaya na shigowa
na farko ke fita, ba ko sallama.

Ba kowane zango ke tsayuwa da ƙafarsa ba.
Na Lahadi ne uwa, shi ya ɗauki komai.
Na Litinin bambanci kawai ya riƙe,
na Talata ya jingina da na Litinin,
haka har Asabar.
Ka ɗauki ɗa ka manta uwarsa,
ka isa sabon gida da fanko.

Ubaldo ya koya min wannan,
ƙoƙon mate a hagu, dama a kan madannai.
"Nélida," in ji shi,
"ajiyar da ba ki gwada maidowa ba
jita-jita ce."

Kashi sha bakwai. Kashi arba'in da ɗaya.
Iskar kogi na bugun ƙofar ƙarfe a sama.
Ina bin su ɗaya-ɗaya da lissafin tantancewa,
abin da ya tashi can, shi ya sauka nan?
Shi ne. Na gaba.

Sai ga wani a ƙasan jeri
wanda bai cikin talatin ɗin.
Sha huɗu ga Yuli, shekara shida baya,
an ɗana masa makulli,
da 'yar rubutu: kar a goge. U.

Wilmar ya faɗa tun da yamma,
wuri kuɗi ne, duk tsohon kaya a zubar.
Yatsana ya je bakin maɓallin
ya tsaya.

Na maido shi a injin gwaji.
Minti ashirin ina kallon allo
kafin tashar ta wancan dare ta farka:
jiragen da tuni aka sayar,
sunayen da suka bar aiki,
nawa a can ƙasa, sabuwa, wata biyu.

Sha biyar ga Yuli na sani.
Ranar ce na yi kuskuren layi ɗaya
na share albashin mutum ɗari shida,
na kashe allo, na tafi gida a ƙafa,
ban ci ba, ban runtsa ba,
ina haddace yadda zan ce a kore ni.
Da safe komai na nan daram.
Na ce idona ne ya yaudare ni,
na riƙe wannan ƙaryar shekara shida.

Ga rajista tana faɗa ba kunya:
an maido, uku da kwata na dare, U.
Ranar kuwa ya shigo da jan ido,
ya ce maƙwabta ne suka kwana kiɗa,
ya miƙo min mate.

Yanzu yana Tacuarembó yana kiwon zuma,
ba ya ɗaga waya sai Lahadi.

Na kwashe zangon da uwarsa,
na tantance sau biyu,
na mayar da makullin yadda na same shi.
Wilmar zai tambayi giga tamanin ɗin nan,
zan samo abin faɗa.

Kashi casa'in da takwas.
Ruwan fulas ya huce.
A sama wani ya fara jan kujeru.